Ciyawar tudunmu da 'yar taraktar Inna

Shekarun baya, Allah ya hore mini na sayi gida a Staten Island, bayan mun daɗe muna zaman haya a Parkchester, can sama, inda in ka buɗe taga ba abin da za ka gani sai tagar wani. Gidan ya yi araha, da na je na gani kuma na gane dalili. A kan tudu yake. Filin bayansa dogo ne, ya gangara tun daga ƙofar kicin har shingen maƙwabcinmu da ke ƙasa, in kankana ta suɓuce maka a sama sai dai ka bi ta da addu'a. Dillalin ya yi ta nanata mini cewa akwai aiki a filin nan. Ni kuwa ɗan kasuwa, mai shagon yadi da turare a Flatbush, tunda na ji an ce araha, sauran bayanin duk ya bi iska.

Mahaifiyata tana tare da mu a lokacin. Na ɗauko ta daga Maraɗi bayan rasuwar mahaifina, gwiwoyinta na son likita, ni kuma ina son in riƙa buɗe ido ina ganinta. Zaman Parkchester bai karɓe ta ba. Matata na aikin jinyar tsofaffi, ni ina shago, yara na makaranta, ita kuwa sai ta wuni bakin taga da carbi tana kallon saman motoci. Shi ya sa da na ga gida mai fili, ita na fara tunawa.

Ranar da muka tare, Inna ta tsaya a ƙofar kicin ta daɗe tana duban filin nan, shar da ciyawa har bakin matakala. Can ta riƙe haɓa.

"Mutanen da sunka zamna nan, ba mace cikinsu?"

Na ce, "Akwai mana, Inna. Mi kika gani?"

"Haki har bakin ƙohwa? Ai sai maciji ya shigo ya gaishe mu."

Haki, a bakin mutanenmu, shi ne ciyawa. Kuma duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da take nufi. Tsakar gida ƙasa ce zalla, a share ta fes da sassafe har a ga zanen tsintsiya. Ciyawa ta daji ce da gona. In aka gan ta ta fito a tsakar gidan mace, to an samu abin yi da ita a bakin rijiya.

Washegari ta tono wata tsohuwar fartanya mai doguwar ƙota da masu gidan na dā suka bari a gareji. Kullum in ta yi sallar asuba ta sha koko, sai ta ɗaura ɗamara ta fita. Daga bakin ƙofa ta fara, tana kankare ciyawar har saiwa, ta tara, ta share, gobe ta ƙara gaba. In gwiwa ta matsa mata ta zauna bisa bokiti ta huta. Abinci ya soma shiga, har na jiyo ta tana 'yar waƙa a kicin.

Ni da ya kamata in ce wani abu, ni ne na saya mata safar hannu. Shekaruna da yawa a ƙasar nan, amma duk a gidajen sama na yi su, ban taɓa tambayar kaina me ya sa Turawa ke barin ciyawa a gidajensu ba. Na ɗauka dai son kore ne. Da filin ya yi rabi har hoto na ɗauka na tura wa 'yan uwa a gida, ana ta sa mata albarka.

Maƙwabcinmu na ƙasa wani dattijon Bature ne, jikan mutanen Italiya, ya yi ritaya, ba abin da ya sa gaba sai tumatirinsa. Sau da yawa yakan tsaya a shinge yana yi wa Inna magana yana wurwurga hannu, ita kuma ta ɗaga masa nata hannun ta ce, "Lahiya lau, ya gida?" Ran nan ya tare ni ya tambaye ni ko wani abu zan gina a wurin. Na ce a'a, mahaifiyata ce ke son wuri da tsabta. Ya sosa ƙeya, ya buɗe baki zai yi bayani, ni kuma ina sauri kada in makara a gadar da nake bi zuwa shago. A raina har cewa na yi mutumin nan ƙyashi yake, ya ga filinmu ya fi nasa kyau.

Sai ruwa ya zo, irin na bazarar nan mai saukowa kamar da bakin ƙwarya. Ina shago matata ta kira ni ta ce, "Ka rufe ka taho, filinmu ya koma gidan mutane."

Haka kuwa aka yi. Ƙasar da Inna ta kankare ta narke ta bi gangara, ta ratsa ƙarƙashin shinge, ta binne tumatirin dattijon nan, ta cika masa bakin gareji da laka. Na same shi tsaye cikin takalmin ruwa. Bai yi faɗa ba, wallahi da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya tsuguna ya ciro wani guntun ciyawa da ya rage, ya nuna mini saiwarta riƙe da ƙasa, ya ce wannan ce ke riƙe da tudun nan tun kafin a haife ni. Garin neman gira mun rasa ido.

Muna cikin haka sai ga Inna tana saukowa gangarar a hankali, da tsintsiya da bokiti, gwiwa na rawa, za ta kwashe abin da ta ɓata. Dattijon ya yi maza ya tare ta. Ya zare bokitin daga hannunta yana cewa, "No, Mama, no," ya kama gwiwar hannunta ya maida ta sama har bakin ƙofa. Shi girmamawa ya yi. Ita kuwa abin da ta gani, an karɓe mata kayan aiki a gaban mutane an kore ta.

Mu muka kwashe lakar. Na kira masu aikin lambu suka shimfiɗa sabuwar ciyawa, irin wadda ake kawowa a nannaɗe kamar tabarma. Maƙwabci ya sake dasa tumatirinsa, magana ta wuce a wajen kowa, ban da Inna. Tsintsiyar ta koma bayan ƙofa. Ta daina leƙa filin, ko labulen ɓangaren ba ta ɗagawa. Ta koma bakin taga da carbi, wannan karon ta gefen titi.

Ni ne ɗanta na fari, akwai kunya tsakaninmu, magana mai nauyi ba ta yi mini ita baki da baki. Matata ta aiko. Ina cin tuwo ta zauna kusa da ni ta ce, "Inna ta ce ka yanko mata tikiti. Gida take so."

Tuwon ya fita raina. Na je na durƙusa a ɗakinta. Ba ta dube ni ba, bango take kallo.

"Na ɓata ma mutane gida," in ji ta. "Hilin da ba a sharewa, mi zan yi mashi? Can ko ba komi ina da tsakar gidana."

Na san in ta tafi a haka ba za ta komo ba. Na san kuma abin da ke jiranta can, gida babu mahaifina, ƙannena mata duk suna gidajen aure a wasu garuruwa, ga gwiwa. Na roƙe ta ta bari likita ya gama allurorin da yake yi mata, zuwa lokacin sanyi. Ta ce, "To." Irin "to" ɗin da mai ita ya riga ya ɗaure kaya a zuci.

Ana nan ciyawar ta kama, ta kuma yi tsawo ba kunya. Na ari injin yankan ciyawa na maƙwabci, wanda ake turawa da hannu. Hawa ɗaya na yi da shi na ji bayana ya ce ƙas. A saukowa kuma shi ya ja ni, na zame na zauna daɓas, ina riƙe da shi yana ta ihu. Na waiga in ga ko wani ya gan ni. Daga ranar na yanke shawarar sayen wanda ake hawa.

Abokina, wani mutumin zangon Kumasi da ke tuƙin babbar mota, shi ya hure mini kunne. "Massa, kar ka sayi na tsofaffi mai sitiyari," in ji shi da irin maganarsu ta can. "Akwai wani mai sanda biyu, ka tura nan ka ja nan, a wuri ɗaya yake juyawa. Chale, in ka hau shi duk unguwa sai sun san ka zo." Na yi ta kallon bidiyonsa a waya in babu ciniki, har na fara hango kaina a kai da hula a karkace.

Wata ranar da na kai Inna allura, a hanyar dawowa na biya wani babban shagon injinan lambu. Na ce ta jira ni a mota, ta ce zafi, ta biyo ni tana ɗingishi. Na wuce kai tsaye wurin mai sandunan nan ina shafa shi. Mai sayarwar wata Ba'amurkiya ce baƙar fata, sa'ata, mai fara'a. Ta tambaye ni yaya filin yake, na ce yana da ɗan tudu. Ta ce in nuna mata hoto. Na lalubo waya, hoton da na fara samu shi ne wanda na tura gida. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "To ina ciyawar?" Na ce wannan dogon labari ne.

Da ta ga na yanzu sai ta girgiza kai. Ta nuna mini tayoyin gaban mai sandunan, sakakku ne kamar na keken cefane na kanti. A fili shimfiɗaɗɗe babu kamarsa, in ji ta, amma a gangara irin tawa gabansa ba ya riƙe ƙasa, in ya fara zamewa babu mai tsayar da shi sai shinge. Abin da ya dace da ni mai sitiyari ne, gajere a ƙasa, mai faffaɗan tayoyin baya. Kuma a tudu sama da ƙasa ake yanka, ba a ratsa shi a karkace. Wato dai na tsofaffin da abokina ya hana ni.

Sai ta waiga ta yi dariya. Babu kujera a shagon, Inna ta gaji da tsayuwa, ta samu wata 'yar tarakta ta haye gefen kujerarta tana hutawa, hannu ɗaya a kan sitiyari.

Matar ta ce ga shi Mama ta riga ni zaɓa. Ita za ta riƙa tuƙawa?

Na ƙyalƙyale da dariya, na fassara wa Inna don ita ma ta yi. Ba ta yi ba. Ta dubi ƙarƙashin abin da take zaune a kai, inda wuƙaƙen suke.

"Tambaye ta, shina aske haki har ƙasa?"

Na tambaya. Matar ta nuna mata wani ƙarfe a gefe da ke ɗaga wuƙaƙen ya sauke su, ta ce amma a tudu dole a bar wa ciyawa tsawon ɗan yatsa. Inna ta miƙe ɗan yatsanta ta auna shi da ido, ta ja tsaki.

"Wannan ai ba aski ba ne, gyaran huska ne." Ta shafa sitiyarin. "Amma ya hi babu."

Tun ranar ruwan nan ban ji ta yi maganar filin ba sai yau. Dariyata ta tsaya. Na tsaya ina kallonta a kan injin nan, tsohuwar da ko keke ba ta taɓa hawa ba, sai na gane abin da nake shirin yi.

Daga nan cinikin ya juya. Na manta da kaina, muka shiga gwada mata injina ɗaya bayan ɗaya kamar masu zaɓen takalmin salla. Wani yana da kuloci mai tauri a hagu, gwiwarta ta hagu kuwa ita ce mai ciwon, muka wuce shi. Wani sai ka ɗaga ƙafa ka tsallake tudun ƙarfe kafin ka zauna, Inna ta dubi zaninta ta dube ni, ban ma fassara ba matar ta gane. Wani kujerarsa ta yi nisa, ƙafarta ba ta kai. A ƙarshe muka samu mai buɗaɗɗen tsakiya, ka shiga ka zauna kamar a kujerar ɗaki, totur ɗaya a dama, ka taka ya tafi, ka ɗaga ƙafa ya tsaya. Matar ta kama bakin mayafin Inna ta nuna ƙasa, ta ce wannan sai an ɗaure shi tamau, kada inji ya kama.

Matata ba ta ji daɗin labarin ba. "Kana da hankali kuwa? Waɗanda nake jinya kullum, faɗuwa ɗaya ce ta kwantar da su. In ta kife a gangarar nan me za ka ce wa 'yan uwanka?"

Gaskiya ta faɗa. Na ce mata ni ma tsoron nake ji, amma na fi tsoron tikitin. Da za a kawo injin, ita ce ta fito da wandon aikinta na asibiti ta kai wa Inna, ta ce a sa a ƙarƙashin zani.

"Wando? Ni?" in ji Inna. "Bayan tsuhwa?"

An kai ruwa rana kafin ta sa, da sharaɗin ba mai ɗaukar hoto.

Na sauka na gaya wa maƙwabci abin da ake ciki. Sai ya shiga gareji ya fito da turaku da igiya. Shi ya bi filin yana aunawa da ido, ya kafa turakun daidai inda gangarar ta yi tsanani kusa da shingensa, ya ce daga nan zuwa ƙasa ba a hawa, ni zan riƙa yi da hannu. Ranar farko a sama muka tsaya, inda ƙasa ta ɗan kwanta. Shi yana gefe ɗaya, ni ina ɗaya gefen, matata na bakin ƙofa tana karanto duk addu'ar da ta sani.

Inna ta yi bisimilla ta taka totur da ƙarfinta na mai daka. Injin ya zabura. Ta yi salati ta miƙe tsaye, nan take ya mutu, don an yi shi ne in mai tuƙi ya tashi daga kujera ya kashe kansa. Ta tsaya tana dubansa.

"Ashe shina da ladabi," in ji ta. "Babba ya tashi, ya yi shiru."

Ta koma ta zauna. A karo na biyu ta taka a hankali, ya tafi da ita sannu sannu, mu biyu muna biye kamar 'yan rakiyar amarya. Da ta kai ƙarshe ta waiga ta ga layin da ta bari a baya, miƙaƙƙe, sumul, sai na ga bakinta yana motsi. Ta juya sitiyari ta kama layi na biyu.

Kafin wata ya zagayo ta kore mu. Ta iya hawa da sauka, ba ta taɓa ƙetare igiyar maƙwabci ba, kuma ba ta hawa in akwai raɓa, don ya nuna mata da hannu cewa jiƙaƙƙiyar ciyawa na da santsi. Rigimarsu ɗaya ce, tsawon ciyawa. In ta shiga sallar azahar sai ya lallaɓo ya ɗaga ƙarfen wuƙaƙen, in ta fito ta sauke shi. Ba ya jin Hausa, ba ta jin Turanci, amma sun yi wannan gardamar har ganye ya fara zuba. Yakan miƙo mata tumatir ta kan shinge, ita kuma ta aika masa da ƙosai.

Sanyi ya shigo, ciyawa ta daina tsawo, likita ya gama allurorinsa. Na tura injin gareji na lulluɓe shi. Maganar tikiti ban tayar ba, ina ta kewaye-kewaye kamar wanda ya ci bashin mai unguwa, ko Allah zai sa ta manta.

Ba ta manta ba. Wata Lahadi da hantsi ta sa aka kira ni. Na same ta tana ninke zannuwa a kan gado.

"Likita ya ƙare," in ji ta. "Ina son in tahi gida."

Na yi duk abin da na iya, bai isa ba. Na sunkuyar da kai na ce, "To, Inna. Allah ya kai mu."

Ta ci gaba da ninkinta. Har na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Na zuwa da komowa za ka yanko. Ka tambayi Baturen nan wane wata haki ke tashi, ka sa ranar kahin nan. Kada in iske wani ya hau mini abu."

Na ce to, na fita da sauri don kada ta ga idona. Na sauka gangarar nan cikin sanyi babu ko rigar kirki, na ƙwanƙwasa wa dattijon ƙofa. Ya buɗe ya ga ƙaton mutum yana share hawaye yana tambayarsa yaushe ciyawa ke tsirowa. Ya ce watan Afrilu, sannan ya tambaye ni ko lafiya.

Dā can na ɗauka kula da iyaye shi ne ka ce musu su zauna su huta, ka kawo abinci, ka kai su asibiti. Da wannan hutun na kusa korar mahaifiyata daga gidana ban sani ba. Macen da ta yi shekara da shekaru tana tashi da aikin da ke jiranta, in ka raba ta da shi ka maida ta baƙuwa, baƙo kuwa komai daɗin masauki tafiya yake tunani. Har yau in na ji ƙarar injin nan ta bayan gida raina fari yake yi, duk da ban daina leƙawa ta taga ina duban igiyar ba.

Yanzu ta ƙara manyanta, saman filin kawai take yi, gangarar ta dawo hannuna. Duk sanyi takan tafi Maraɗi ta ga dangi, duk bazara in je filin jirgi in ɗauko ta. Bana ma ta dawo. Tun kafin mu fita daga wurin ajiye motoci, kafin ta tambayi jikokinta, ta tambaye ni ko na sa wa injin mai.